Allura, ashana ko roba: abin da na faɗa wa ƙanwata kafin ta yi arba'in

Ƙanwata ta zo wankan gida wajen Iya a Ƙofar Doka da ke Zariya. Ranar da na je duba ta kwananta 19 da haihuwa, na same ta a kishingiɗe, jaririya a ƙirji, yayan jaririyar da bai cika shekara ɗaya da rabi ba yana jan zaninta. Haihuwarta ta uku ke nan cikin shekara huɗu, kuma wannan da tiyata aka ciro, har sai da aka yi mata ƙarin jini. Ta bari 'yan barka suka ragu, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, likita ya ce in huta aƙalla shekara biyu. To wanne zan yi cikin hanyoyin tazarar haihuwa? Kowa da abin da yake gaya mini."

'Ya'yana biyar, kuma na yi allura, na yi ashana, yanzu roba ce a jikina. Abin da na gaya mata shi zan faɗa a nan, domin na san a kowane layi na Tudun Wada, Samaru da cikin birni akwai mai irin wannan tambaya da ta rasa wanda za ta yi wa.

Mata kan fara da tambayar nawa ne, ko wanne ya fi ƙarfi. Kuɗi ba su ne babban abin dubawa ba. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, sai dai ki riƙe ɗan abin yankar kati, gwajin ciki da safar hannu. A ganina abin da ke sa mace ta yi watsi da hanyar da ta ɗauka shi ne jini. Mu da sallarmu, azuminmu da shimfiɗar aurenmu duk suke rataye da lissafin al'ada, ɗigon da likita zai ce ba komai ba ne, a wajenmu babban al'amari ne. Don haka duk hanyar da aka nuna miki, ki fara tambaya: me za ta yi wa al'adata, kuma zan iya jurewa?

Iya ta sa mana baki, ta ce su a zamaninsu nono ne maganin. Gaskiyarta, amma da sharaɗi uku, kuma sai sun haɗu gaba ɗaya: jariri bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Idan sun cika, cikin mata 100 kamar biyu ne ke ɗaukar ciki. Amma wane gida ne a Zariya za a yi zafin Afrilu kaka ba ta ɗura wa jariri ruwa ba? Da an fara ruwa, koko ko madarar gwangwani, kariyar ta fara yin rauni. Ga shi kuma mace na iya sakin ƙwai kafin ta ga jinin farko, wato ciki ya shiga tana nan tana jiran al'ada. Haka kwanika ke faruwa, haka ya faru da ƙanwata. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, wanda ya zo daidai da shekara biyun shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara.

Allura ita mata suka fi sabawa da ita. Depo-Provera duk wata uku, Noristerat duk wata biyu, sai Sayana Press mai ƙaramin tsini, wadda ake koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a cinya ko a ciki duk wata uku. Mai shayarwa na farawa daga mako shida, daidai lokacin da za ta kai jariri rigakafi, sai ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ba ta ƙafar da nono, ba ta barin wata alama a jiki. Cikin mata 100 kamar huɗu ke samun ciki a shekara, kuma yawanci don sun makara ne. Wannan makara ba wasa ba ce. Biki, rasuwa, rashin kuɗin keke, ko ki je a ce ta ƙare, sai ki ga wata ya wuce.

A watannin farko jini kan rikice, daga baya ya ja baya, har kusan rabin masu yin ta kan daina ganin al'ada bayan shekara guda. Na tsorata sosai da nawa ya ɗauke, don an ce mini taruwa yake a mara. Ba ya taruwa ko'ina. Shimfiɗar cikin mahaifa ce ba ta yi kaurin da za ta zube ba. Illolinta na gaske su ne waɗannan: idan ta shiga jiki ba a iya cire ta, sai dai ki jira ta ƙare, wasu na yin ƙiba, kuma bayan an daina, ciki kan yi jinkiri, galibi wajen wata goma daga allurar ƙarshe, wata ma ta haura shekara. Ba ta hana haihuwa har abada, amma wadda ke son ta ce a wata kaza nake son ciki, allura ba tata ba ce. Mai hawan jini mai tsanani ma ba a yi mata.

Ashana 'yar siririyar roba ce mai laushi, tsawon tsinken ashana, da ake sa wa ƙarƙashin fatar damtse bayan an kashe wurin da allura. Implanon guda ɗaya ce, shekara uku. Jadelle guda biyu, shekara biyar. Wajen kariya babu wadda ta fi ta, kusan mace ɗaya ce cikin 1,000 ke samun ciki a shekara. Ana iya sa ta tun kafin a sallame ki daga asibiti, ba ta taɓa nono, kuma da an cire za ki iya ɗaukar ciki ba jira. Babu tuna rana, babu zirga-zirga.

Sai dai jininta ba shi da alƙibla. Wata ya ɗauke mata ƙaf, wata ya zo daidai, wata kuma ɗigo yau, tsarki gobe. Ni a na ukun na faɗa. Wani azumi na shiga ina ganin ɗigo kwana biyu, ya ɗauke, ya dawo, na rasa wanne ne haila wanne ne jinin ciwo. Kukan da na yi a wannan watan Allah kaɗai ya sani. Malamar Islamiyyarmu ce ta zaunar da ni ta koya mini lissafin kwanakina da hukuncin istihala, hankalina ya kwanta. Daga baya na ji cewa akwai maganin 'yan kwanaki da ake bayarwa a asibiti don tsayar da irin wannan ɗigo, kuma ga mata da yawa yakan lafa bayan watannin farko. Da an gaya mini tun ranar sawa, da wataƙila na haƙura da ita.

Da na yanke shawarar cirewa, sau uku ina zuwa inda aka sa mini ana cewa mai cirewar ba ta nan. Wannan ya yi mini ciwo, domin jikina ne, kuma haƙƙin mace ne a cire mata duk ranar da ta nema. Shi ya sa nake cewa kafin ki miƙa hannu ki tambaya: wa ke cirewa a nan, wace rana, kuma nawa ne? Ki kuma faɗa musu idan kina shan maganin tarin fuka, na farfaɗiya ko na ƙanjamau, don wasu daga cikinsu na rage ƙarfin ashana. Bayan an sa, ki riƙa shafa wurin kina jin ta. Ranar da ba ki ji ta ba, ki koma asibiti.

Robar mahaifa ita ake yi wa mummunar fahimta fiye da kowacce, ni kuwa ita ta karɓe ni. Ƙarama ce, an naɗe ta da jan ƙarfe, babu sinadarin homon, wato irin maganin da ke cikin allura da ashana, a jikinta ko kaɗan, kuma tana kai shekara 10 zuwa 12. Al'adarki na nan a kan lissafinta, abin da na fi buƙata ke nan. Amma jinin kan ƙaru, mara kan yi ciwo, musamman wata uku zuwa shida na farko. Wadda dama jininta da yawa, ko take fama da ƙarancin jini, ta yi tunani sosai. Lokacin sawa ma na da ƙa'ida: ko cikin awa 48 da haihuwa, har a lokacin tiyata ana iya sawa, ko kuma a jira mako huɗu ya cika. Idan akwai ciwon sanyi sai an warkar da shi tukuna. Tana da ɗan zare da ke leƙowa ta bakin mahaifa, idan maigida ya yi ƙorafin yana ji, rage tsawonsa ake yi. Wani lokaci takan zamo ta fito, musamman a farko, shi ya sa ake cewa a dawo dubawa. Mai jin nauyi ta nemi mace ta sa mata, ba laifi ba ne. Akwai kuma wata irin robar mai ɗauke da homon, kamar Mirena, wadda ita rage jini take yi, tana kai shekara biyar ko fiye. Ta dace da mai yawan zubar jini, sai dai ba ko'ina ake samunta ba.

Ƙwaya iri biyu ce, kuma a nan ne saye a kemis ba tare da awo ba ke cutar da mata. Mai sinadari ɗaya, irin Microlut, ita ce ta mai shayarwa, amma tana son a sha ta a lokaci guda kullum, jinkirin da ya wuce awa uku na iya buɗe ƙofa. Mai sinadari biyu, irin Microgynon, tana daidaita al'ada da kyau, sai dai mai shayarwa ba ta fara ta sai jariri ya kai wata shida, kuma ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon kai na ɓari guda da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya. Kamar bakwai cikin 100 ke samun ciki a shekara, saboda mantuwa. Uwar da ta kwana tana jijjiga goyo ta san kanta. Postinor-2 kuwa ta gaggawa ce, ana shan ta cikin awa 72 bayan saduwa, ba abin dogaro ba ce na yau da kullum.

Akwai abin da ya shafe mu mutanen Zariya musamman. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta shi da yawan kanwa a kunu da tsananin zafin wankan jego da gasa jiki. Duk wadda ta yi kumburi da haki bayan haihuwa, ko ta yi jijjiga, kada ta zaɓi komai daga bakin maƙwabciya. Ta je asibitin koyarwa da ke Shika ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a auna ta, don wani cikin na iya zame mata haɗari, kuma mai yiwuwa ƙwaya mai sinadari biyu ba tata ba ce. Irin waɗannan, da waɗanda aka yi wa tiyata sau da yawa, su likita kan yi wa maganar abin da muke kira juya mahaifa. Ba juya ta ake yi ba, bututun da ƙwai ke bi ake ɗaurewa ko a yanke, kuma an yi ke nan. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta wani lokaci da yardar miji da mata, ta kuma hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura.

Maza ma na da nasu rabon. Kwaroron roba shi kaɗai ke kare cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, amma kamar 13 cikin 100 na samun ciki da shi a shekara. Azalu, wato namiji ya zubar da maniyyi a waje, wanda sahabbai suka yi a zamanin Annabi (SAW), ya kai wajen 20 cikin 100. Lissafin kwanaki kuwa sai al'ada ta dawo ta zauna daidai, abin da mai jego ba ta da shi.

Ƙanwata ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Ta ce roba mai jan ƙarfe ta fita daga lissafinta, tunda ba ta gama mayar da jininta ba. Ƙwaya ta san ba za ta riƙe lokaci ba da yara uku. Allura kuma tana tsoron makara, don gidanta can bayan Basawa ne. Na ce, "To ki tuna abin da ashana ta yi mini." Ta ce, "Na ji, Yaya, amma ke ba a gaya miki ba ne, ni ga shi an gaya mini." Na roƙe ta kada ta yi a ɓoye, ta tafi da maigidanta ya ji bayanin da kunnensa, don ranar da jini ya rikice shi ne zai fara tambaya.

Ranar rigakafin mako shida suka je tare. Aka auna mata jini, aka yi gwajin ciki, ta tambayi Sista ranar cirewa da kuɗinta kafin ta naɗe hannun riga. Implanon aka sa mata a damtsen hagu. Katin da aka rubuta ranar da za ta ƙare yana cikin leda ɗaya da katin rigakafin jaririyar, kuma ta sayi ƙaramin littafi tana rubuta duk ranar da ta ga jini, don ta nuna wa Sista da malamarsu idan ta kama.