Gargaɗi: Masu sayar da MP3 da sunan FLAC a Makka da Jidda

Jama'a, musamman 'yan uwa mazauna Makka da Jidda da alhazai masu neman tsaraba, a yi hattara da masu tallan memori da filash cike da karatun Alƙur'ani da tafsiri, suna cewa "asalin sautin situdiyo ne, FLAC ne", suna tsawwala kuɗi. FLAC nau'in fayil ne da ke adana sauti ba tare da an rage komai ba, MP3 kuwa matse sautin yake yi ta hanyar zubar da wani ɓangarensa. Wasu a WhatsApp suke cin kasuwarsu: ka tura musu tsofaffin fayilolinka da 'yan riyaloli, wai su ɗaga maka su zuwa sauti mai inganci. Wannan aiki ba ya yiwuwa, ko wace manhaja suka ce suna da ita.

Faifan CD yana ɗauke da sauti a 1,411 kbps (kbps shi ne ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa), minti ɗaya kusan MB 10. MP3 mai 128 kbps kuwa minti ɗaya bai cika MB 1 ba. Sauran an zubar da shi tun wajen matsewa, domin manhajar da ke matse shi tana cire duk abin da ta ƙiyasta kunne ba zai lura da shi ba, musamman siraran sautuka na sama. Shi FLAC abin da aka ba shi yake adanawa, ba ragi ba ƙari. In aka ba shi MP3 zai riƙe shi da duk nakasarsa, fayil ɗin dai ya kumbura ninki da yawa. Nonon da aka surka da ruwa ne aka juye a sabuwar ƙwarya.

Kada sunan fayil ya ruɗe ka, ko girmansa, ko lambar kbps da waya ke nunawa, duk suna canzawa da an juya shi. A kwamfuta ake gane gaskiya. Sauke manhajar Spek, kyauta ce, ka ja fayil ɗin ka saka a ciki. Za ta zana hoton sautin, lambobin kHz, wato ma'aunin sirantar sauti, a gefen hagu. Wanda aka kwafo daga CD na gaske launinsa kan hau har wajen 22 kHz. Wanda ya taɓa zama MP3 mai 128 kbps za ka ga an datse shi miƙe a wajen 16 kHz, sama da nan baƙi ƙirin. Mai 320 kbps yankansa na wajen 20 kHz. Manhajar Audacity ma tana nuna wannan hoto.

Sai dai a yi adalci. Tafsirin da aka ɗauka a kaset ko ta lasifikar masallaci dama samansa ba shi da ƙarfi, amma a hankali yake dusashewa, ba a layi ɗaya ba. Miƙaƙƙen yankan nan shi ne shaida. Ka kuma tambayi mai sayarwa inda ya samo. In ya ce YouTube, magana ta ƙare, sautin can matsattse ne da AAC ko Opus, waɗanda su ma zubar da wani ɓangaren sauti suke yi kamar MP3. Saƙon murya na WhatsApp ma Opus ne.

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗi ba. Wanda ya saya zai ɗauka asali ke hannunsa, ya sake matse shi zuwa MP3 don rediyon mota ko don tura wa 'yan uwa a gida, asara ta zama biyu. Sa abin ji a kunne ka saurari sin da shin da sadi a bakin mai karatu, za ka ji suna fita da wani ruwa-ruwa. Ga mai koyon tajwidi da kunne wannan ba ƙaramar cuta ba ce.

Shi kansa memorin a duba shi. Akwai na jabu da ke nuna GB 128 alhali cikinsa kaɗan ne. Da ya cika sai sabbin fayiloli su hau kan tsofaffi, sunayen surori na nan amma ba sa buɗewa. Kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika shi da bayanai ta sake karantawa. A yi wannan tun ana gari, kafin a ɗaure kaya a nufi filin jirgi.