Gargaɗi kan ɗan kwangilar da ke karɓar kashi 60 ya farfasa gida ya ɓace

Duk wanda ya sayi tsohon gida don ya gyara ya zuba 'yan haya, ya karanta wannan kafin ya miƙa wa ɗan kwangila ko anini. Raina a ɓace yake, don haka ku yi haƙuri idan zancen ya hau kan juna.

Kashi 60 cikin 100 na kuɗin aiki mutumin nan ya karɓa kafin a sauke ko buhun siminti ɗaya. Kashi 60. Kafin alƙalami na gaskiya ba ya wuce kashi 10 zuwa 20, na kawo ma'aikata da kayan somawa, saura a riƙa biya mataki-mataki bayan an ga aiki. Duk wanda ke cikin harkar gini ya san wannan, ni ma na sani, kuma takardar kwangilar ta biyo ta hannuna ban hana ba. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Kada wani ya ce wauta ce. Mutumin ya iya aiki, ko in ce ya iya zancen aiki. Ranar da ya zo duba gidan, ya tsuguna a gindin bangon da ke jikin banɗaki, ya shafa inda fenti ya kumbura, ya ce: "Alhaji, wannan ba matsalar fenti ba ce, bututu ne ke yoyo a ciki." Aka fasa, aka tarar haka ne. Ya buɗe soket ɗaya, ya ce wayar da ke ciki mai kaurin 1.5 ce, ta fitila ce, soket sai mai 2.5, na'urar dumama ruwa kuwa sai mai 4 ko 6, kuma ko za a kore shi ba zai sa ƙasa da haka ba. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Wa zai ji wannan ya ce ga ɓarawo? Har yanzu ina ganin tsugunon nan nasa a gindin bango, domin a nan aka gama da mu. Da ya ce a ba shi kashi 60 ya saye kaya gaba ɗaya kafin su yi tsada, babu wanda ya yi musu.

Ga yadda tarkon yake. A mako na farko ya kawo lebura da yawa, suka farfasa komai a lokaci guda: banɗaki uku, tayil ɗin falo, silin, tsohon wayarin, har da yaye rabin kwanon rufi. Mai gida ya ga ƙura na tashi, ya ɗauka aiki ke gudu. Alhali mai gyara na ƙwarai rufi yake fara gamawa, sannan famfo da wayarin, sannan filasta, tayil, fenti a ƙarshe, kuma ba ya yaye rufi sai sabon kwano yana ajiye a ƙasa. Rushewa ba ta cin kuɗi, guduma ce kawai da lebura. Amma da zarar gida ya zama kango, ba ya hayuwa, ba ya sayuwa da daraja, kuma duk wani ɗan kwangila da ka kira zai ji tsoron ɗaukar ragowar aikin wani. Ka zama nasa.

Daga nan sai "mun gano" ta soma. Mun gano lintal, wato kankaren da ke saman ƙofa da taga, ya tsage, mun gano bututun ƙasa ya ruɓe. Ya nemi ƙarin kashi 25, aka ba shi, domin ruwan sama na iya sauka a kan gidan da ba rufi. Kashi 60 da kashi 25, kashi 85 ke nan a hannunsa, aikin da ke ƙasa bai kai kashi 30 ba.

Na tsallake maganar takarda, kuma ita ce tushe. Shafi ɗaya ce, an rubuta "aikin filasta, jimla", "aikin wayarin, jimla". Babu murabba'in mita, babu adadin buhu, babu kaurin waya, babu ranar gamawa. Ya rubuta rasit na buhu 90 don filasta. Ku yi lissafin da kanku: kwaɓin siminti 1 yashi 4, kaurin milimita 12, buhu mai kilo 50 yana rufe kusan murabba'in mita 10. Bangon da za a shafe bai wuce murabba'in mita 400 ba, wato buhu 40. Ina sauran 50? Wanda ya yi ɗin ma, ka goga da maɓalli sai yashi ya zubo, don ya tsinka kwaɓin kuma bai yi ban ruwa ba. Filasta na son a riƙa jiƙa ta kwana 7, shi kuwa a kwana na uku ya sa aka shafa fenti a ɗaki ɗaya don a ɗauki hoto. Sabuwar filasta sai ta yi kusan mako huɗu tana bushewa kafin fenti ya zauna, shi ya sa yanzu yake ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Wayar da ya rantse a kanta fa? An rubuta 2.5 a jikin robar, gaskiya ne. Ka kankare bakin da wuƙa sai ja ya tafi, fari ya fito: alminiyum ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyum ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 kawai take iyawa a kauri ɗaya, sai ta yi zafi, ta saki a wurin ɗauri, soket ya narke. A gidan da za a zuba iyalan mutane! Mutumin da ya ce ko za a kore shi ba zai sa ƙaramar waya ba. Rodin lintal kuma an biya na milimita 12, wanda sandarsa mai mita 12 ya kamata ta kusa kilo 11 a sikeli. Nasa kilo 7 da ɗoriya, nauyin mai milimita 10 ke nan.

Banɗakin da ya gama ya fi ba ni haushi. Ya binne bututu a bango ba tare da ya cika su da ruwa ya matsa ya ga ko suna riƙewa ba. Bai toshe magudana ya tara ruwa a ƙasa na awa 24 ya ga ko zai ratsa ba. Tayil kuma ɗigo-ɗigo ya sa wa siminti a kusurwa huɗu, ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga. Dole a ɓamɓare duka, a biya kuɗin rushewa, a sake sayen kaya. Aikin da aka biya sau ɗaya za a biya shi sau biyu, ga watannin haya da suka wuce babu ko ɗan haya ɗaya.

Af, gidan da ya kai mu muka gani a matsayin aikinsa, tun kafin zancen kuɗi, ashe fenti kawai ya yi a can. Da an tambayi mai gidan a bayan idonsa da an ji. Yanzu wayarsa a kashe, leburansa ma suna nemansa don bai sallame su ba. Kashi 85.

Hotunan rasit, saƙonninsa na neman ƙari, da hoton wayar da aka kankare duk suna nan, zan fito da su da zarar lauya ya gama dubawa.

Kada ku ba da fiye da kashi 20 a farko. Waya, rodi da kwano ku saya da kanku, ku auna. A rubuta adadi da kauri a takarda, a gyara sashe ɗaya a gama kafin a fasa na gaba, kuma ku riƙe kashi 10 har wata shida bayan an miƙa maɓalli.