Kwazazzabon Ormiston: awa ɗaya da rabi ba ta isa ba

Na bi motar wani kamfanin yawon buɗe ido daga Alice Springs, a tsakiyar Ostireliya, zuwa Ormiston da ke gandun dajin Tjoritja, wanda ake kira West MacDonnell. Tafiyar kilomita 135 ce yamma da gari, kwalta har wurin ajiye motoci. Mota tsaf, ruwan sha a wadace, direba mai fara'a. Shi ya faɗa mana cewa mutanen Arrernte, masu ƙasar tun asali, Kwartatuma suke kiran wurin.

Daga inda aka sauke mu zuwa bakin ruwa bai fi tafiyar minti biyar ba. Kana fitowa daga cikin bishiyoyi sai ga jajayen duwatsu sun miƙe sama, jawur kamar garwashi, ga ruwa kwance a gindinsu, ga farin yashi. Tun safe muke keta busasshiyar ƙasa, shi ya sa na tsaya cak, na kasa magana. A watan Oktoba ne, rana na dukan ƙeya, amma da na tsoma ƙafa sai da sanyin ya ratsa ni har ƙashi. Duwatsun ne ke tare masa rana, ga kuma zurfi, an ce ya kai mita 14 ta wani gefen. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a bakin gaɓa, don Allah.

Na hau matakala zuwa Ghost Gum Lookout, wurin hango kwazazzabon daga sama, inda wata farar bishiyar turare ta kafe saiwarta a tsagin dutse. Na shafa jikinta, wani farin gari ya maƙale mini a tafi. Can ƙasa na hango wani ɗan ƙaramin dangin kangaru yana tsalle tsakanin duwatsu, ko santsi bai ɗauke shi ba.

Ƙudaje kam sai haƙuri, a nemi ragar rufe fuska.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne lokaci: awa ɗaya da rabi kacal aka ba mu. Ina saukowa direba na duba agogo. Zagayen ƙafa na Ormiston Pound, wani faffadan kwari da duwatsu suka kewaye, mai cin awa uku zuwa huɗu, ko kusa ban yi ba. Alhali akwai wurin kafa tanti, da banɗaki da wurin wanka, da ɗan shagon abinci. In Allah ya sake kai ni, motar haya zan ɗauka, in tanadi takardar izinin shiga gandun ta intanet, in kwana biyu a can.