Na gwada NASA+, ashe kumbon ma shatarsa ake yi

Ni fa harkar sararin samaniya ba ta gabana, wani abokina ne ya ishe ni da naci sai da na sauke manhajar NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a waya, wai akwai tasharsu ta bidiyo NASA+ a ciki, kyauta kuma ba talla. Haka ɗin ne kuwa, ko sisi ban biya ba, data ce dai ta ji jiki.

Abin da na fara kallo kai tsaye shi ne dawowar 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams ranar 18 ga Maris 2025, mutanen nan da suka tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa wato ISS a watan Yunin 2024 da niyyar kwana takwas, kumbon Boeing da ya kai su wato Starliner ya samu matsala aka dawo da shi ba kowa ciki, su kuma sai da suka yi kwana 286. Hoton tar yake wallahi, ina gani lema huɗu suka buɗe, kumbon ya faɗa teku kusa da gaɓar Florida duk jikinsa ya yi baƙi kamar gindin tukunya, ga kifayen dolfin suna ta zagaye shi.

To abin da ya ɗaure min kai, tashar gwamnati nake kallo amma kumbon na kamfanin SpaceX mai zaman kansa ne, jirgin ruwan da ya tsamo su ma nasu ne, hatta masu bayanin har da ma'aikatan kamfanin. Sai daga baya na gano yadda abin yake. Amurka ta jingine kumbonta na Shuttle a 2011, ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, a 2014 NASA ta ba Boeing kwangilar dala biliyan 4.2, SpaceX kuma 2.6, aka yanke farashi, in kuɗin aiki ya zarce kamfani ne zai cika daga aljihunsa. Wanda aka ba kaɗan ɗin shi ya fara kai mutane a Mayun 2020, shi ne kuma ya je ya kwaso fasinjojin ɗan uwansa. Da kamfani ɗaya aka ba aikin nan da sai an sake komawa wajen Rasha.

Tauraro biyar na ba manhajar. Sai dai duk mai son kallo ya nemi wifi ya kuma jona caja, tawa wayar mutuwa ta yi ana cikin fito da Suni.