venv ko virtualenv? Amsa ga Malaminmu na Tahoua

Malam, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarka tun daren jiya, sai dai kuran ya ɗauke a unguwarmu nan Yamai, shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su gani ba: Malam yana koyar da Python da maraice a Tahoua, kwamfuta 12, wasu Windows wasu Ubuntu, rezo kuma sai yadda Allah ya yi. Yana tambaya wanne zai riƙe tsakanin venv da virtualenv, kuma ko akwai yadda zai saita abin sau ɗaya, ya daina maimaita dogon umarni, forfe ma ya daina ƙarewa.

Aikin da suke yi ɗaya ne. Kowanne yana yanka wa aikinka ɗakinsa daban, kamar gidan haya: tsakar gida ta kowa ce, amma tukunyar kowa tana ɗakinsa. Fakitin (wato ƙarin kayan aikin Python da ake saukowa da su) da ka zuba a ɗakin wannan aiki ba zai taɓa na wancan ba. virtualenv shi ne babba, Ian Bicking ya fito da shi a 2007. venv ƙanensa ne, an ɗauko dabarar aka sa ta cikin Python kanta tun siga ta 3.3 a 2012. A 2020 Bernát Gábor ya sake rubuta virtualenv daga tushe, ya zama siga ta 20, don haka duk tsohon darasin da ka gani kafin wannan shekara ka yi hattara da shi.

Wajen samu, venv ya fi sauƙi. A Windows yana zuwa tare da Python, `py -m venv .venv` kawai ya isa. A Ubuntu da Debian kuwa sun raba shi daban, sai ka shigar da `python3-venv` da apt, mai shigar da kaya a Ubuntu, in ba haka ba zai tsaya maka rabin hanya yana kukan ensurepip. Shi virtualenv dole a sauko da shi, amma akwai shi a fayil guda mai suna `virtualenv.pyz` da za ka sa a kile, ka kira shi da `python virtualenv.pyz .venv` a kowace kwamfuta ba tare da an shigar da komai ba.

To, batun saiti, wanda shi ne ainihin tambayarka, nan ne suka rabu.

venv ba shi da fayil ɗin saiti ko ɗaya. Duk abin da kake so, `--prompt`, `--system-site-packages`, `--copies`, sai ka rubuta shi a kan umarni kowane lokaci. Za ka ga wani `pyvenv.cfg` a cikin ɗakin bayan an gina shi, amma wannan na ɗakin ne shi kaɗai, ba zai gaya wa ɗaki na gaba komai ba. Amfaninsa ɗaya da nake yawan yi: in na manta, sai in buɗe shi in mayar da `include-system-site-packages` zuwa `true`, ɗakin ya fara ganin fakitocin tsakar gida ba tare da na rushe shi ba.

virtualenv kuwa yana jin magana ta ƙofa uku: umarnin da ka rubuta, sauye-sauyen muhalli na kwamfuta masu farawa da `VIRTUALENV_`, da fayil mai suna `virtualenv.ini`. In sun saɓa, umarni ne ke gaba, sai na muhalli, fayil na ƙarshe. A Ubuntu fayil ɗin yana zama a `~/.config/virtualenv/`. A Windows kada ka wahalar da kanka da nema, rubuta `virtualenv --help`, can ƙasa zai faɗa maka inda yake dubawa da ko ya same shi. Nawa ga shi:

```
[virtualenv]
python = python3.11
prompt = .
no_periodic_update = true
```

Layin `prompt = .` yana sa sunan dosiyen aikin ya fito a baƙin allo maimakon kowane ɗaki ya riƙa nuna `.venv`. Ga ɗalibai wannan ba ado ba ne. Yaron da ya buɗe aiki uku yana buƙatar ganin wanne yake ciki kafin ya zuba fakiti a ɗakin maƙwabci. venv ma yana karɓar `--prompt .`, bambancin kawai shi ne sai ka tuna rubuta shi.

Layi na ƙarshe, `no_periodic_update = true`, saboda irin rezonmu na sa shi. virtualenv yana da wata al'ada: duk kwana 14 yakan leƙa intanet a ɓoye ya duba ko pip, mai sauko da fakitoci ya zuba su a ɗaki, ya sami sabuwar siga. Ba wani abu mai nauyi ba ne, amma ni ba na son abin da ke taɓa mini mega ban aike shi ba. venv ba ya wannan, sai in kai da kanka ka ce masa `--upgrade-deps`.

Ka lura da tarko ɗaya da ya taɓa cinye mini rabin yini. A kan umarni ana rubuta `--no-periodic-update` da karan tsakiya, amma a cikin `virtualenv.ini` karan ƙasa ake sa wa. In ka rubuta da na tsakiya ba zai yi maka faɗa ba, zai dai yi kamar bai gani ba.

Wajen zaɓen sigar Python, venv ba ya zaɓe: Python ɗin da ya kira shi, da shi zai gina ɗakin. Kana son 3.11, ka kira `py -3.11 -m venv`. virtualenv guda ɗaya yana iya gina wa sigogi da dama, `-p 3.11` ko `-p 3.12`, shi zai nemo su a kwamfutar. Amma babu wanda zai kawo maka Python ɗin da ba ka shigar ba. Masu wannan su ne wasu kayan aiki daban, conda da uv, kuma conda nauyinsa ba na forfen Malamin makaranta ba ne. In cikin kwamfutocinka akwai mai Windows 7, ta tsaya a Python 3.8 ke nan, daga 3.9 ba ta hawa.

Sauri: virtualenv ya fi. Karon farko yana shirya pip ya ajiye, bayan nan kwafa kawai yake. venv kullum sai ya sake shigar da pip daga farko. A tsohuwar kwamfuta ana jin bambancin, amma ɗalibi sau nawa yake gina ɗaki a mako?

Yanzu ga abin da na fi so ka ji, Malam. Forfenka ba venv ke cinye shi ba, ba kuma virtualenv ba. pip ne. Ɗalibai 12, kowa ya sauko da fakitocin numpy da pandas nasa, abu ɗaya ka biya sau 12. Kuma kada `--extra-search-dir` na virtualenv ya ruɗe ka, wannan na kayan fara ɗaki ne kawai, irin su pip da setuptools, ba ya kawo maka pandas.

Maganin shi ne rumbu. Ranar da rezo ya yi kyau, ko in wani zai zo daga Yamai, a yi `pip download -r requirements.txt -d rumbu`. Duk fakitocin da ka jera a fayil ɗin `requirements.txt` za su taru a dosiye guda. A kwafa shi a kowace kwamfuta, sannan a gaya wa pip sau ɗaya:

```
pip config set global.find-links C:\rumbu
pip config set global.no-index true
pip config set global.require-virtualenv true
```

Daga nan pip ba zai ƙara zuwa kasuwa ba, rumbu zai shiga. Layi na uku yana hana shi zuba komai in ɗalibi ya manta bai shiga ɗaki ba, wanda shi ne kuskuren da kowane sabon shiga yake yi a makon farko. Wannan saitin na pip ne, saboda haka yana aiki ko da wanne ka gina ɗakin. (Shi kuma pip karan tsakiya yake so a fayil ɗinsa. Kowane gida da al'adarsa.) Sai dai rumbun Windows daban, na Ubuntu daban, kuma sigar Python ta zama ɗaya. Dubi sunan fayil ɗin: in ka ga `cp311` da `win_amd64`, to na Python 3.11 ne a Windows, ba zai shiga wani wuri ba. Wannan shi ne dalilin da zai sa ka daidaita sigar Python a kwamfutocin nan tun kafin komai.

Da ni ne kai, ɗalibai venv zan koya musu. Duk inda suka je, Jami'ar Djibo Hamani nan kusa da ku ko Abdou Moumouni a nan Yamai ko wurin aiki, za su tarar da shi, kuma gara hannunsu ya saba da rubuta umarnin a fili da su dogara da fayil ɗin da ba su san yana nan ba. In tsawon umarnin ne ya dame ka, layi ɗaya a fayil na `.bat` ya wadatar. virtualenv da `virtualenv.ini` ka bar wa kwamfutarka ta kanka, inda kake gwada darasi a siga biyu ko uku kana rushewa kana ginawa.

Na san abin da zai zo maka a rai: me zai hana ka gina ɗaki ɗaya ka kwafa shi a kile zuwa sauran 11? Ba zai yi ba, da kowannensu. Ɗakin yana riƙe da cikakkiyar hanyar inda aka gina shi da inda Python yake, in ya sauya wuri sai ya rikice. virtualenv ya taɓa samun `--relocatable` don wannan, an cire shi a siga ta 20. Rumbu da `requirements.txt` su ne masu tafiya a kile, ɗaki a gina shi a wurin.

In PowerShell, baƙin allon Windows, ya ƙi buɗe `Activate.ps1`, fayil ɗin shiga ɗaki, `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned` sau ɗaya a kowace kwamfuta. Turo mini abin da `python --version` ya nuna a kowaccensu da jerin fakitocin darasin, in haɗa maka rumbunan biyu a nan in bai wa mai zuwa Tahoua.