Wasiƙa Daga Jamus: Akwatin Kwamfutar Da Zai Jure Zafin Ringim

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata kowa lafiya, ka gaishe min da Inna da su Yaya, da yaran shago.

Na ga hoton akwatin kwamfutar da ka turo, mai gilashi gaba da gefe, fitilu ja da shuɗi suna walƙiya a ciki, ka ce in sayo maka irinsa. Ba zan sayo ba, kuma ka tsaya ka ji dalili kafin ka yi fushi.

Waɗannan akwatuna don ɗakunan mutanen nan aka ƙera su. Masu gwada kaya a YouTube suna yin gwajinsu ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 21 ko 22 ba. Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Jamus shi ne digiri 41.2, a Yulin 2019, har yau ana labarinsa. Kai kuwa daga Maris zuwa Mayu abin da kake sha ke nan kusan kullum, a ƙarƙashin rufin kwano. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ciki. In iskar ta shigo da digiri 40, ga kuma gilashi ya toshe gaba, sai 'yan ramuka a gefe, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, za ta doshi digiri 95 ko 100, ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Lokacin ne za ka ga na'ura tana jan ƙafa, ga 'yan rajistar JAMB sun yi layi har bakin titi.

Abin da kake buƙata akwati ne mai raga a gaba, tun daga sama har ƙasa. Fanka biyu ko uku a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. In wurin zai ɗauki mai milimita 140, ta fi mai 120, domin tana tura iska da yawa ba tare da ta yi ta ƙara ba. Kuma masu shigarwa su fi masu fitarwa yawa. Wannan ne sirrin da mutanen nan ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne rayuwarmu: in iskar da ke shiga ta fi wadda ke fita, ragowar sai ta riƙa fita ta ƙananan kafofi, ƙura ba ta samun hanyar saɗaɗowa sai ta gaba, inda matatar ƙura ke jiran ta kamar rariya. Ka tabbata matatar ana zare ta a wanke a mayar, har da wadda ke ƙarƙashin fawa-fak, wato abin da ke ba kwamfutar wuta. A nan mutum kan yi rabin shekara bai taɓa tasa ba. Kai da hunturu, in hazo ya sauko, duk Juma'a ka kakkaɓe. Ka kuma ɗaga na'urar daga ƙasa, ka ɗora ta a tebur, kada ka manna bayanta da bango.

Ta wajen ciniki dai sun fi mu, gaskiya ce. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ko bai faɗi dalili ba, ga garantin shekara 2. Girman madabod (babban allon da ake haɗa kayan ciki a kansa) da akwati zai ɗauka, babba ne (ATX) ko ƙarami (Micro-ATX), tsawon katin hoto, tsayin abin sanyaya furosesa, duk a rubuce suke da milimita kafin ka biya. Irin su Corsair 4000D Airflow ko na Fractal Design, kamfanin Suwidin, ana samunsu wajen Yuro 100. A gida kuwa ka sani, in ka fita da kaya daga rumfa, to kai da Allah.

Amma wajen gyara mun yi musu nisa. Kuɗin hannun mai gyara a nan na awa guda kan kai kuɗin sabon akwati, shi ya sa abu kaɗan sai su sayi wani. Yaron da ke zaune da bulowa da sukundireba a Kano, wanda zai buɗe, ya hure, ya canza man furosesa, wanda ake shafa mata don zafi ya riƙa fita, ka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, babu irinsa a garin da nake.

Sai maganar nauyi. Akwati ƙarfe ne da iska, kilo 7 ko 8 a cikin ƙaton kwali. Kuɗin jirgi da kwastan sai su ninka farashinsa, gilashin gefensa kuma ba lallai ya iso da rai ba. Don haka ka shiga Kano, ka zaga Beirut Road, ka nemi mai raga ko da na hannu ne. Ka ɗaga murfin gaban ka haska fitilar waya: in haske na ratsawa sosai, iska ma za ta ratsa. Ka kula da ƙananan HP da Dell na ofis da ake shigowa da su, yawancinsu madabod ɗinsu ba ya zama a wani akwati, don haka kada ka yi lissafin kwashe cikinsu ka zuba a sabo.

Ni abin da zan aiko shi ne fankokin Arctic, kowace ba ta kai Yuro 10 ba, da matatar ƙura mai maganaɗisu da ake yankawa daidai wuri, da man furosesa. Duk za su shiga jakar wani ɗan Haɗeja da zai zo gida kafin azumi. In ka samu akwatin, ka auna wurin fankar gaban da tef ka turo min, in san 120 zan saya ko 140.