Keke, lilo, ninkaya ko doki: zaɓin motsa jiki ga yaro mai larurar galahanga a Kaduna

Da zarar likita ya tabbatar wa iyaye cewa ɗansu yana da larurar galahanga, wadda a asibiti ake kira otizim, hankalinsu yakan karkata ga neman makaranta da mai koya masa magana, kuma da gaskiyarsu. Sai dai jikin yaron ma yana da haƙƙi, kuma shi aka fi mantawa da shi, musamman a gidajen da tsoron ɓacewar yaro ko gudun surutun maƙwabta ya sa ake zaunar da shi a ɗaki da waya a hannu daga safe har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum, baligi kuma minti 150 zuwa 300 a mako, kuma ƙa'idojin da ta fitar a 2020 sun haɗa har da masu buƙata ta musamman. Ga yaron da likita ya ɗora a kan magani irin Risperidone, wanda aka san yana buɗe ciki yana kawo ƙiba, buƙatar ta fi haka ƙarfi.

Motsa jiki ba ya kawar da galahanga, don haka duk mai shagon da ya ce na'urarsa tana warkarwa, ku riƙe kuɗinku. Abin da ake samu shi ne gyaruwar barci, ƙarfin gaɓoɓi, raguwar rashin natsuwa ga yara da dama, da wata hanya ta sauke damuwa ga wanda ba ya iya faɗin abin da ke cin ransa. Wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce ga gidan da ya saba kwana ido biyu.

Kafin ku taka kasuwa, ku ɗauki mako guda ko biyu kuna lura da abin da jikin yaron yake nema da kansa. Wani tsalle yake yi a kan katifa ba ya gajiya, wani jujjuyawa yake so, wani da ya ga ruwa sai ya nufe shi, wani kuma turawa da ɗaga abu mai nauyi ne ke kwantar masa da hankali. Haka nan ku lura da abin da yake gudu, ko hayaniya ce, ko taron jama'a, ko a taɓa shi ba zato. A ganina wannan lura ita ce rabin sayayyar, domin kayan da suka dace da abin da yaro yake so tun asali, kuma ake iya amfani da su kullum a lokaci ɗaya sananne, sun fi kaya masu tsada da ake fitowa da su sau ɗaya a wata.

Lilo shi ne mafi sauƙin kuɗi. Mai bishiya a tsakar gida yana iya ɗaura igiya mai ƙwari da tsohuwar taya a reshe mai kauri, wanda ba shi da ita kuma masu walda a Panteka za su ƙera masa na ƙarfe daidai girman gidansa. Kai da komon lilo yana sanyaya ran yara da yawa masu yawan girgiza jiki. Idan za a ƙera, a ce wa mai walda ya goge duk wani kaifi, a binne ƙafafun da kankare, a zuba yashi a ƙarƙashi maimakon siminti, kuma a kafa shi a inuwa, domin ƙarfen da ya sha ranar watan Maris ko Afrilu yana ƙona fata. Rauninsa shi ne ba ya sa yaro gumi sosai, saboda haka shi kaɗai ba zai cika minti 60 ɗin nan ba.

Turamfolin, wato shimfiɗar tsalle da ake ɗaurewa a zagayayyen ƙarfe, ita ce iyaye suka fi sha'awa idan sun gan ta a intanet, kuma lallai yaro mai son tsalle yakan more ta. Amma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 tana jan kunnen iyaye game da ajiye ta a gida saboda karaya da raunin wuya, kuma yawancin raunukan suna faruwa ne idan yara biyu ko fiye suka hau tare. A gidan yawa, inda 'yan'uwa da 'ya'yan maƙwabta za su yi ta rububin hawa, wannan doka ta mutum ɗaya tana da wuyar kiyayewa. Wanda ya nace, ƙaramar mai mariƙin hannu da ake sawa a ɗaki ta fi babbar dacewa, ta fi araha, ruwan damina da rana ba sa cin ta. Ta gwanjo kuwa sai an duba ƙarafunan da ke ɗaure da ita ɗaya bayan ɗaya, domin a nan araha ba ta ado.

Keke ne nake ganin ya fi cancantar kuɗin yawancin gidaje, saboda yana sa gumi, ba ya buƙatar abokin wasa ko magana, yana da maimaituwar da waɗannan yara suke jin daɗinta, kuma idan yaro ya girma zai zama abin hawansa. Matsalar ita ce yara da dama masu galahanga suna shan wuya wajen daidaita jiki da haɗa taka feda da riƙe kan keke a lokaci guda, shi ya sa kekuna da yawa suke ƙarewa a jingine a zaure. Mai taya uku ba ya kayar da yaro cikin sauƙi, ya kuma dace da wanda gaɓoɓinsa suke da rauni, amma yana iya kifewa a kwana idan aka yi gudu, kuma na manyan yara yana da tsada da wuyar samu. Mai ƙananan tayoyin tallafi a baya shi ne ya cika kasuwa, sai dai yana koya wa yaro jingina maimakon daidaita jiki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sayi keke na yau da kullum, a kai wa mai gyara ya cire fedojin, ya sauke sirdin har tafin ƙafar yaro ya taka ƙasa sosai, yaron ya riƙa tura kansa da ƙafa har ya saba, daga baya a mayar da fedojin. Da haka keke ɗaya ya yi aikin biyu.

Tsakanin sabo da na hannu, na hannu mai ƙarfen kirki yakan fi sabo marar ƙwari daɗewa, muddin aka gwada birki, aka duba kaca da tayoyi. Ku tafi da yaron ko ku auna tsawon ƙafarsa, kada ku sayi babba da nufin zai girma ya same shi, domin faɗuwa ɗaya mai zafi tana iya raba shi da keke na shekaru. Hular kwano dole ce, kuma tun da wasu ba sa jure abu a kansu, a fara sa musu ita a gida na ɗan lokaci kafin ranar hawa. Wurin hawa kuma ya zama tsakar gida, ko filin makaranta bayan an tashi, ba layin da babura da Keke Napep suke ratsawa ba.

Ninkaya ita ce mafi cin kuɗi a hankali, tun da biya ake yi duk zuwa, ga kuɗin mai koyarwa, ga na mota, kuma wuraren iyo da dama a gari na otal-otal ne. Duk da haka ina sa ta a sahun gaba saboda dalilin da ya wuce motsa jiki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya nuna cewa kusan rabin yara masu galahanga sun taɓa yunƙurin sulalewa daga wurin masu kula da su, kuma nutsewa a ruwa tana cikin manyan abubuwan da ke hallaka waɗanda suka ɓace. Garin da kogi ya ratsa tsakiyarsa, ga kududdufai da manyan kwatoci da ke cika da damina, ga rijiyoyi a gidaje, bai kamata iyaye su ɗauki wannan da wasa ba. Ku nemi mai koyarwa da zai ɗauki yaron shi kaɗai, a lokacin da babu cunkoso, ya fara da koya masa kwanciya a saman ruwa da isa bakin tafki ya fita, kafin a zo maganar salo. Yaron da yake da farfaɗiya, wadda ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, kada ya shiga ruwa sai da izinin likitansa da babba a gefensa. Iya iyo kuma ba ya ɗauke wa kowa nauyin rufe rijiya da kulle ƙofa.

Tafiya da ƙafa takalmi mai kyau kawai take buƙata, kuma ita ce ginshiƙin da sauran suke hawa kai. Hanya ɗaya, lokaci ɗaya, bayan sallar asuba ko bayan la'asar, tare da mahaifi ko yaya, ta fi fita mai nisa ta lokaci-lokaci. Dandalin Murtala yana da sarari, amma a zaɓi lokacin da babu taro da amon lasifika. Da hunturu a kula da ƙura, da bazara kuma a riƙa miƙa masa ruwa ba tare da jiran ya roƙa ba, domin wasu ba sa iya bayyana ƙishi ko ciwo. Ayyukan gida irin su ɗaukar bokitin ruwa, shara, daka da tura baro ma motsa jiki ne na gaske, kuma sun dace da mai son abu mai nauyi.

Ƙwallon ƙafa ce iyaye maza suka fi buri, amma ita ce ta fi wuya ga mafi yawan waɗannan yara, saboda ihu, gogayyar jiki, da buƙatar karanta nufin mutum goma cikin ƙiftawar ido. Wanda yake son ƙwallo a fara masa da bugawa tsakanin mutum biyu ko da bango. Tekwando da karate sun fi sauƙin shiga, domin ana tsayawa a layi, ana maimaita motsi iri ɗaya, kuma kowane darasi yana farawa yana ƙarewa da tsari sananne. Kuɗinsu na wata ne, sai kayan sawa. Kada a sayi kayan sai yaron ya halarci darasi biyu ko uku an ga ya karɓa.

Kaduna gari ne na dawaki da wasan folo, don haka maganar hawan doki ba baƙuwa ba ce. Wani gwaji da aka yi a jihar Kolorado ta Amurka, aka wallafa a 2015, ya nuna raguwar saurin fushi da rashin zama wuri ɗaya ga yaran da suka yi mako 10 suna darasin hawa. Amma can an yi ne da dawakai masu sanyin hali, da ƙwararrun malamai, da masu rakiya a gefe. Dokin da aka hore don folo ko hawan sallah wani abu ne daban, kuma ɗora yaro a kansa ba tare da wannan tsari ba kasada ce. Na'urar gudu ta cikin ɗaki kuwa ban ga dalilin sayenta don yaro ba, ga tsada, ga dogaro da wutar lantarki, ga bel ɗinta da ke iya kama yatsu. Ta fi dacewa da baligi mai galahanga da ba ya son fita cikin mutane.

'Yan mata sukan fi rasa wannan dama da zarar sun fara girma, don haka a yi musu tanadin abin da za a yi a cikin gida, kamar igiyar tsalle, lilo, ko keken motsa jiki da ake takawa a wuri ɗaya ba tare da lantarki ba, kuma a nemi mace mai koyarwa idan za a je iyo.

Duk inda za a biya mai koyarwa, ku tambaye shi ko ya taɓa aiki da yaro mai galahanga, yara nawa yake haɗawa a aji, ko zai yarda uwa ko uba su zauna a wurin, da abin da zai yi idan yaron ya fashe da kuka ko ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Wanda ya amsa da cewa zai gyara masa zama da tsawa ko bulala, ku nemi wani, komai sunansa a gari. Ku nemi a ba ku damar biyan darasi ɗaya-ɗaya a watan farko maimakon kuɗin zango gaba ɗaya. Idan yaron yana tafiya a kan yatsun ƙafa, ko yana yawan faɗuwa, ko yana shan magani, ku fara kai shi ga likitansa ko sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a duba shi a faɗa muku irin motsin da ya dace da jikinsa kafin ku sayi komai.